Zango a Cikin Saniya

Kafin assalatu na shiga mota daga Aboabo,
kula a kan cinyata,
ruwan gishiri mai ɗumi a cikinta, ba koko ba.
A mayankar Kaase, Sallau ya hango ni:
"'Yar boko ta zo kwasar tarkacenta."
Wuƙarsa ta zaga bayan mahaifa,
ta ciro mini zare biyu masu lauje-lauje
kamar taliyar da ta dahu ta wuce.
"Ko ungulu ba ta sauka don wannan," in ji shi.
Na miƙa sidi biyar, ya ce in sayi sabulu.

A ɗakin bincike na tsaga zaren,
na kankare bangon ciki a kan faranti,
na ɗiga abin da wani bijimi ya bayar,
wanda ya shekara a daskare cikin tsinken roba.
Na sa ido a madubi.

Har yau ban saba ba.
Dubbai ne, kowa na kaɗa wutsiya,
kamar Kejetia ranar jajibere.
Masu gaggawa sun yi ta iyo, sun yi ta iyo,
kafin la'asar sun sandare, ba inda suka je.
Wasu kuwa sun kai goshi bango,
inda wani gashi ke rausaya kamar gero a iska,
suka manna kai, suka tsaya.

Akwai ɗan zaƙi a bakin gashin nan,
su kuma da ƙugiya suka taho a goshi,
guzurin da aka shafa musu ranar fita.
Ƙugiya ta kama zaƙi. Shi ke nan.
Wutsiya na bugawa, kai ba ya motsi.

Bango ya ce, ƙwai bai sauko ba tukuna, ku huta.
Ya rage musu wuta
yadda Inna ke janye gawayi daga gindin tukunya
in ta ji baƙi za su yi latti.
Na dawo washegari, suna nan da ransu.

Malamina Ofori yana kiran wurin ma'aji.
Ni a littafina na rubuta: zango.

Don kakana Mairiga haka ya zo,
ya koro shanu talatin ta Salaga,
ya ce goro zai saya ya juya.
Ya jingina sanda a katangar mai masauki,
ya ce bari damina ta wuce,
a garin da damina ke zuwa sau biyu a shekara.
Aka ba shi tabarma, aka ba shi ruwa,
daga baya aka ba shi kakata.
Yana Tafo yanzu, ƙarƙashin jar ƙasa.
Sandar tana bayan ƙofarmu, mun rataya mata lema.

Ita saniya ta san ranar sallama.
In ƙwai ya faɗo, saƙo zai gangaro,
ƙugiya ta kwance,
ba duka a tare ba, kada a tattake amarya,
kaɗan-kaɗan, kamar fita daga masallaci mai ƙofa ɗaya.
Wutsiya ta koma bulala.
Guda ne zai isa.
Sauran ba mai raɗa musu suna.

A faranti ni ce mai sallama.
Na ɗiga maganin kwancewa, na duba agogo, na ƙirga.
Sittin cikin ɗari sun saki.
Arba'in sun ƙi,
goshinsu a bango kamar masu doguwar sujada.
Takardar Ofori gida biyu gare ta:
waɗanda suka tafi, waɗanda suka kasa.
Alƙalamina ya daɗe a sama.

Da asuba Sallau yana wasa wuƙa,
ruwan sama na dukan kwano.
"Wai me kike gani a ciki ne?"
Na ce, baƙi ne, sun sauka.
Ya goge hannu a riga, ya ɗauko wani zaren.
"To, a gaishe su," in ji shi.
"A tambaye su ya hanya."